LM3886 ko TPA3116: wanne ya dace da sifikar Islamiyya?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya kan amfilifayar da za ka haɗa wa Islamiyyar unguwarku, ka ce sola gare ku, kana waswasi tsakanin LM3886 da TPA3116, wato IC biyu masu ƙara ƙarfin sauti, fara duba inda wutarka za ta fito.

LM3886 ɗan aji AB ne, wato nau'in amfilifaya mai kyan sauti amma mai yawan zafi. Kamfanin National Semiconductor ya ƙera shi, kafin Texas Instruments ta saye kamfanin a 2011. Yana ba da wat 68 a sifika mai om 4, amma sai ka ba shi wuta mai ɓangare biyu, bolt +28 a ɗaya, bolt -28 a ɗayan. Ke nan sai tiransifoma mai waya uku a fita, da manyan kafasita, da wutar gari ko inbata. Sautinsa tas, ba gardama. Matsalarsa zafi: kusan rabin wutar da ya ci zafi take komawa. A Kano, cikin Afrilu, a ajin da aka rufa da kwano, in ƙarfen tsotse zafin ƙarami ne, za ka ji ya yanke ana tsakar hadda, sai ya huce ya dawo. Sannan ka lura, mai harafin T a ƙarshen sunansa bayansa na ɗauke da wuta, dole ka sa mika (siririn fallen da ke hana wuta wucewa) tsakaninsa da ƙarfen. Mai TF kuwa bayansa a rufe yake, ba ya buƙatar mika.

TPA3116 kuwa aji D ne, nau'in da ba ya ɓarnar wuta, wadda ke komawa zafi ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Wuta guda yake ci, daga bolt 4.5 zuwa 26, batirin sola ma ya ishe shi. Sai dai kar wat 50 sau biyu (wato 50 ga kowace sifika) da aka rubuta ya ruɗe ka, wannan sai a bolt 21. A batir ɗaya mai bolt 12 wajen wat 15 za ka samu. Jera batir biyu su ba ka bolt 24. Kuma kar ka haɗa baƙar wayar sifika da jikin akwati, domin wayoyin biyu duk masu wuta ne.

In koyon aiki kake so, LM3886 ƙafa 11 gare shi, da hannu za ka liƙa. TPA3116 ƙafa 32, ƙanana kamar gashi, sai dai ka sayi haɗaɗɗen allo.

Tunda ka ce sola gare ku, ni TPA3116 zan ɗauka. In ka shiga Sabon Gari, sa a gwada maka allon da sifika kafin ka biya.