"Kind" ko "polite", wanne za ka faɗa wa mutum?

'Yan uwa da yawa a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, musamman masu zuwa Mubi da Yola saro kaya da ɗalibai masu koyon Turancin Ingilishi, suna ta tambayata wai in za su yabi mutum da Turanci wanne ya dace, "kind" ko "polite".

"Polite" ladabi ne, gaisuwa, iya magana, ba ka katse babba in yana zance. Mu da muka yi makarantar Faransanci ba ya mana wuya, kusan ɗaya yake da "poli". "Kind" kuwa kirki ne na zuciya wanda sai an gani a aikace, kamar mai mashin da ya kai tsohuwa asibiti ya ƙi karɓar ko sisi, to wannan ko bai iya gaisuwa ba sunansa "kind". Ladabi baki kawai yake ci, kirki kuwa yana cin aljihu da lokaci, shi ya sa ni yabon "kind" ya fi min nauyi kuma ya fi daɗewa a ran mutum.

Amma a kula fa, "kind" yana kuma nufin iri, in an ce "what kind" ana tambayar wane iri ne. Shi ma "polite" kar ka faɗa wa Alhaji ko malaminka, sai ya zama kamar kai ke auna tarbiyyarsa.

In yaron shago ko ɗalibi za ka yaba, "polite" ya dace. In wanda ya taimake ka za ka gode wa, babba ko ƙarami, ka ce "kind".