Hattara da mai sayar da harsashin "sabo fil" a kasuwannin ƙauye

Jama'a, musamman mafarauta da masu gadin gona a yankin Talata Mafara da Bakura, akwai wani mutum da ke bin kasuwanni a kan babur, da buhun taki ɗaure a baya. Ba ya baza kaya. Sai ya ja ka bayan rumfa, ya ce yana da harsashi sabo fil daga kamfani, a rabin kuɗi. Ƙarya yake yi.

Kawuna ya faɗa hannunsa ranar Talatar da ta wuce. Mutum ne da ya tsufa a farauta, bindigarsa kuma da takardarta. Gyado ya addabi gonarsa ta wajen dam ɗin Bakolori, shi ya sa ya saya. Harbi na farko lafiya. Na biyu bindigar ta tarwatse a hannunsa. Yanzu haka yana kwance, yatsu biyu sun tafi, idon dama kuma sai abin da likita ya ce.

Da na je dubiya na ce, "Kawu, ina ragowar?" Ya sa aka ɗauko mini su cikin gwangwanin madara. Ƙyallinsu kamar an fito da su yau, amma da na kai ɗaya hanci sai na ji warin lemun tsami da toka, irin wankin da mata ke yi wa tasar tagulla. Rubutun gindinsu ma bai zo ɗaya ba: wannan da lambarsa, wancan da tasa, wani an goge ta gaba ɗaya. Bakin kwanson duk sawun magagari ne, wani ya fi wani tsawo, biyu kuma sun tsage a wuya, tsagar da sai ka sa farce za ka ji ta.

Ashe kwanson da aka riga aka harba mai babur ɗin yake saye a hannun yara 'yan gwangwan, ya datse na wata bindiga ya tilasta shi shiga wata, ya ɗura abin da shi kaɗai ya sani.

Tagullar da ake yin kwanso da ita tana gajiya. Duk harbi sai kwanso ya miƙe, jikinsa ya ƙara sirancewa. In ya wuce tsawonsa sai ya shaƙe dalmar da ke bakinsa, ƙarfin albarushin ya rasa hanya, ya dawo kan mai harbi. A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanso, da ma'auni da na'urar awo ake yi, kuma duk da haka ana samun haɗari. Balle wanda awonsa ido ne.

Ga kuma hukuma. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko sayar da shi ba da lasisi ba, riƙe shi ma sai da izini. A halin da Zamfara ke ciki, in sojoji ko Askarawa, jami'an tsaron da gwamnatin jihar ta kafa, suka tare ka da wannan a aljihu, wa zai tsaya jin labarin gyado? Mai kai wa 'yan bindiga kaya za a kira ka.

Mun kai ragowar wurin 'yan sanda, mun kuma sanar da sarkin dawa. Mai sayar da harsashin yana yawan sauya babur, kuma an ce an gan shi ta wajen Maradun.