Sharhi kan sashen rubuce-rubucen hannu na wata jami'a a Katsina

Duk ɗalibin da ke rubuta kundin digiri kan tarihin ilimi a ƙasar Hausa, ya daure ya leƙa sashen rubuce-rubucen hannu na laburaren wata jami'a da ke nan Katsina. Na yi bincike a wurin a zangon karatun da ya wuce, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Dattijon da ke kula da sashen ya san aikinsa. Ba a shiga da biro ko ruwan sha, sai fensir. Ya kwance wata gafaka ya fito da littafin fiƙihu, warƙoƙi a sake babu ɗinki, a ƙasan kowace an rubuta kalmar farko ta shafin gaba don kada su cakuɗe. Ya ce, "Malam, ɗaga ta wajen haske." Sai ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya, fatake su ƙetaro hamada da ita. Tsakanin layukan Larabcin kuwa wani almajiri ya bi kalmomi masu wuya yana fassarawa da ajami, mitsi-mitsi.

Hatimai ne suka fi ɗaukar hankalina. Mu da muka taso muna ganinsu kayan tsibbu kawai, yanzu masana lissafi na nazarinsu. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan yadda ake zuba lambobi a gidajen hatimi, ko ta ina ka tara, tsaye, kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horar da malaman boko, lissafin Ingila aka koyar, namu ya tsaya a zaure. Ga shi ginin kwalejin ma yau gidan adana kayan tarihi ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne jerin sunayen littattafan. A rijista yake, rubutun hannu, babu shi a intanet, kuma da yawa an sa musu "ba a san mawallafi ba". Izinin ɗaukar hoto ma sai ka yi ta safa da marwa. In za ka je, tafi da takardar gabatarwa daga sashenku, kuma ka yi sammako, don da an ɗauke wuta da rana ɗakin ba ya zaunuwa.