Guruf ɗin ɗakin karatun unguwarmu: wata takwas ke nan ina ciki

Ni tela ce, ɗinki nake yi a gida nan Maradi. Ƙafata ba ta taɓa taka ɗakin karatu ba sai da ɗiyata ta kai ajin da ake zana BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji. Kuɗin littafin lissafi da na kimiyya sun fi ƙarfina a lokacin, sai mushensu, wato malaminsu, ya gaya mata akwai wani ɗan wuri a unguwarmu inda ake ba da aro. Shago ɗaya ne, kanta huɗu, benci uku da tabarmi. Jika ɗaya ake biya a shekara, yaro ya ɗauki littafi ya riƙe sati biyu. Ranar da na kai kuɗin, saurayin da ke kula da wurin, ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya ce mini: "Tanti, in sa lambarki a guruf?" Na ce ya sa.

Wannan guruf na WhatsApp shi ne ke riƙe da ɗakin, don babu mai albashi ko ɗaya a wurin. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda suke roƙo. Ba sa cewa jama'a a taimaka, su yi shiru. Sai ka ji: Asabar, daga ƙarfe 4 zuwa 6, ana son mutum biyu su zauna da yara. Ko kuma: akwai kwalin littattafai a unguwar Zariya, wa ke da babur? Kafin la'asar wani ɗan kabu-kabu ya amsa, ya ɗauko bai karɓi ko dala ba. Kuma duk abin da suka rubuta da Faransanci sai sun maimaita shi da Hausa cikin saƙon murya, wanda muke kira bokal. Da babu wannan, da ni da matan da na sani a ciki ba mu san abin da ake ciki ba.

Ta nan ne na samu nawa aikin. Wata rana suka saka hoton littattafan da bayansu ya ɓalle, takardu na zuba, suna tambaya ko akwai dabara. Na aika bokal na ce a kawo mini. Guda 23 ne. Na ɗinke su da babbar allura da zare mai kauri, na yi musu bango da ƙyallayen atamfa da suka rage mini daga ɗinkin Sallah. Washegari sai ga hotonsu jere a kanta, saurayin yana godiya da muryarsa, ya ambace ni da sana'ata. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Yanzu in na ga yaro ya wuce da littafi mai bangon atamfa, na san ta hannuna ya bi. Haka suka yi wa mai waldan da ya gyara ƙofa, da tsohon mushen da ke koya wa ƴan aji shida dikte ranar Lahadi. Kowa sai an faɗi abin da ya yi.

Ranar tatsuniya ma ba su yanke da kansu ba, ƙuri'ar WhatsApp suka saka. Litinin da Juma'a suka faɗi nan take, don ranakun kasuwa ne, Laraba ta ci. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 iyaye sun ƙara tambayar littattafan Hausa, ɗakin kuwa kusan duka Faransanci ne. Suka sanar a guruf, ƴan kasuwar da ke bi ta Dan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano suka riƙa sako guda biyu, guda uku cikin kayansu. Yau akwai kanta rabi ta Hausa, kuma ita ce ba ta zama cike.

To, amma akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Suna da shafin Facebook, suna saka hotunan yara suna karatu, fuska a fili, ba tare da sun tambayi iyaye ba. Maƙwabciyata tana da yarinya ƴar shekara 12 da ba ta fashin Laraba. Wani ɗan'uwan mijinta ya ga hoton daga Yamai, ya kira, maigidan ya hana yarinyar zuwa daga ranar. Na ga hawayenta da idona. Na sami saurayin na ce: "Ɗana, ɗiyar mutane ba talla ba ce. Ku ɗauki hannuwa da littafi, ko ku ɗauka ta baya, ko ku aika a tambayi uban." Ya saurara da ladabi, ya cire wannan hoton, amma sauran na nan. Na san shafin yana da amfani, don ta nan wani ɗan Maradi da ke aiki a waje ya gani ya aiko da kwali biyu. Duk da haka yarinya ɗaya da ta daina zuwa ta fi mini kwali biyu nauyi, kuma har yau ba ta dawo ba.

Sai hayaniya. Mun haura mutum ɗari a ciki, da dare a cika shi da bidiyo da tallan kaya da saƙonnin a tura wa mutum goma. Mega na ƙarewa, sanarwar gaske ta nutse. Sau biyu na rasa ranar aikina saboda haka. WhatsApp na da wurin da ake rufewa ya zama masu kula kaɗai ke aika saƙo, a buɗe wani guruf daban na hira. Na faɗa, sun ce za a yi. Rajistar aro kuwa gara ta koma cikin kaye, littafin rubutu, don neman wanda ya ɗauki littafi a cikin tsofaffin saƙonni wahala ce.

Akwai kuma iyayen da ba su da babbar waya, kuma suna da yawa a layinmu. Su ba abin da ke kai musu sai in mun faɗa musu a gidan suna ko wurin ɗibar ruwa. Ni da wasu mata biyu mun ɗauki wannan, kowace da layinta.

Duk wanda ke da ɗa a lakwal a unguwar nan, ina ba shi shawara ya biya jikar nan ya shiga guruf ɗin, amma ya faɗa musu tun ranar farko ko ya yarda da hoto ko bai yarda ba. Ɗiyata ta ci jarrabawarta, ta mayar da littattafan duka. Asabar mai zuwa ni ce da zama, kuma akwai guda 9 da ke jiran allura. Wanda ke da gam mai kyau ya taho da shi.