Manyan ƙungiyoyi ko ƙanana: wanne zai kai ka jihohin Amurka 50?

Ɗan'uwa, ka ce kana da burin taka kowace jiha ta Amurka, kuma kana so duk inda ka sauka ka kalli wasan besbol, sai ka tambaya: babbar gasar MLB za ka bi, ko ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta? Ni dai ƙananan zan ce ka bi. Amma su ma ba za su ƙarasa da kai ba, gara ka san haka tun kafin ka tayar da mota.

Taswira ce ke raba wannan gardama. MLB tana da ƙungiyoyi 30, sai dai sun cunkushe a jihohi 17 kacal, da babban birni Washington, da Toronto ta Kanada. Kalifoniya kaɗai ta kwashe biyar. New York da Texas da Florida da Ohio da Illinois da Pennsylvania da Missouri kowacce na da biyu. Ko da ka shiga dukkan filayen nan 30, akwai jihohi 33 da ba ka leƙa ba.

Ƙananan kuwa, tun bayan garambawul ɗin 2021 da ya rage su daga 160, ƙungiyoyi 120 ne a hawa huɗu, daga sama zuwa ƙasa: Triple-A, Double-A, High-A da Single-A, kowane hawa 30. A lissafin kakar 2025 suna jihohi 37. Su ne za su kai ka Maine wurin Portland Sea Dogs, da Delaware wurin Wilmington Blue Rocks, da New Mexico wurin Albuquerque Isotopes, da Nebraska, Iowa, Kansas, Oklahoma, Arkansas, Alabama, Mississippi, Utah, Oregon, jihohin da babbar gasa ba ta da ko ƙungiya ɗaya a cikinsu.

Akwai abin da ya kamata mai kallon ƙwallon ƙafa ya fahimta a nan. Ba irin tsarin Ingila ba ne, inda kulob ke hawa ko faɗawa rukunin 'yan dagaji. A besbol ƙungiya tana nan inda take, ɗan wasa ne ke hawa da sauka. Kowace babbar ƙungiya tana da 'ya'ya huɗu, ita ke biyan 'yan wasa, ita ke turo masu horarwa, kuma tana iya ɗauke gwanin da ka zo gani kwana ɗaya kafin ka iso. Saboda haka in gwaninta zalla kake nema, da wasan da sakamakonsa ke hana gari barci, MLB ta fi nesa ba kusa ba. Ba zan ɓoye maka wannan ba. A ƙaramin fili za ka ga kurakurai, musamman a Single-A inda yawancinsu matasa ne masu shekara 19 zuwa 22.

Abin da ƙananan suka fi da shi shi ne garin kansa. A babban fili kana cikin mutum dubu 30 ko 40, ɗan wasa yana can ƙasa ɗan mitsitsi, ka fito ka shiga cunkoso. A ƙaramin fili kana jin ƙarar ƙwallo tana faɗawa safar mai kamu, kana jin 'yan wasa suna kiran juna, yara suna karɓar sa hannu a bakin shinge. Wanda ke zaune kusa da kai ɗan garin ne, kuma in ya ji ka zo daga nesa, shi zai gaya maka inda za ka ci abinci gobe da hanyar da ta fi kyan bi. Ga mai son sanin jiha, wannan hirar ta fi wasan daraja a wurina. Kuɗi ma haka: tikiti galibi tsakanin dala 10 da 20 ne, wurin ajiye mota da araha, wani wurin ma kyauta, kuɗin masauki a Des Moines ko Wichita kuma ba ya kama ƙafar na Boston ko San Francisco.

Sai jadawali, wanda a nan ne mutane suka fi yin asara. A MLB kowace ƙungiya tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, ƙungiya takan yi kwana uku ko huɗu da abokiyar karawa ɗaya. Ƙananan kuwa tun 2021 tsarinsu daban ne: wasa shida a jere a fili ɗaya, Talata zuwa Lahadi, Litinin hutu. Wannan yana da daɗi ta fuska ɗaya, domin in ƙungiya tana gida, tana gida har mako ya ƙare, kana da zaɓin rana. Ta ɗaya fuskar kuma, in ta yi tafiya, fili a rufe yake mako guda cur, wani lokaci biyu. Don haka kada ka zana hanya tukun sannan ka duba jadawali. Ka fara duba wa ke gida a wane mako, sannan ka ɗora hanya a kai, ka bar Litinin ta zama ranar doguwar tuƙi. Ka kuma tuna Triple-A na buga 150 har ƙarshen Satumba, amma High-A da Single-A masu 132 suna rufewa tun farkon watan. Ruwan sama yana tsayar da besbol. Wasu manyan filaye kamar na Seattle da Houston da Milwaukee suna da rufi, ƙananan ba su da shi, shi ya sa yake da kyau ka ware kwana biyu ga garin da ka sha wahala kafin ka isa.

Wajen sufuri MLB ta fi sauƙi: jirgin sama ya sauke ka, jirgin ƙasa ya kai ka bakin fili a New York ko Chicago. Ƙananan sai da mota. Amma motar tana biyan wahalarta a wasu yankuna. Daga Portland ta Maine zuwa Manchester ta New Hampshire, zuwa Worcester, zuwa Hartford, kowane zango bai kai awa biyu ba, jihohi huɗu ke nan a 'yan kwanaki. Yamma ce ke cin lokaci da mai.

Colorado da Arizona ba su da ƙungiya a hawa huɗun nan, amma suna da Rockies da Diamondbacks, don haka a nan babbar gasa za ta cike maka giɓi. Jimilla 39.

Saura 11, kuma a kansu ne nake so ka yanke wa kanka hukunci tun yanzu: me za ka ƙirga a matsayin wasa? In ka ce lallai sai ƙungiyar da ke da alaƙa da MLB, burinka ya tsaya a 39. In ka yarda da gasa masu zaman kansu, ƙofa ta buɗe. Montana tana da Billings Mustangs da Missoula PaddleHeads, Idaho tana da Boise Hawks da Idaho Falls Chukars, duk a gasar Pioneer wadda ke farawa a ƙarshen Mayu. Waɗannan garuruwa suna cikin waɗanda garambawul ɗin 2021 ya raba da iyayen gidansu, amma mutanensu ba su bar filayen sun mutu ba, kuma wannan kaɗai ya isa a je a mara musu baya. Babbar hanya ta I-29 za ta ɗauke ka daga yankin Omaha zuwa Sioux Falls wurin Canaries, ta wuce da kai Fargo wurin RedHawks, Dakota biyu ke nan. West Virginia tana da Charleston Dirty Birds.

Shidan ƙarshe sai ka haɗa da wasan ɗalibai. Vermont Lake Monsters suna buga wasa a Centennial Field na Burlington, fili mai tarihi tun 1906. Rhode Island ta rasa ƙungiyarta ta Pawtucket da ta koma Worcester a 2021, abin da ya rage shi ne irin su Newport Gulls. Louisiana ta rasa ta New Orleans bayan kakar 2019, amma jami'ar LSU a Baton Rouge tana tara jama'ar da ta fi ta ƙananan ƙungiyoyi da yawa, ita ce ma ta ci kofin jami'o'i a 2023 da 2025. Hawai ma jami'arta za ka bi a Honolulu. Wasan jami'o'i daga Fabrairu zuwa Mayu ake yi, don haka waɗannan biyun ka gama da su kafin sauran su kankama. Wyoming ta fi kowacce wuya: ƙungiyar Casper ta tashi bayan 2011, sai ƙungiyoyin ɗalibai na lokacin hutu, waɗanda dole ka tabbatar suna nan a shekarar da za ka je.

Alaska kuwa ita ce wadda zan ce ka tara mata kuɗi na musamman. A Fairbanks, wajen 21 ga Yuni, Alaska Goldpanners suna buga wasan da ake farawa da misalin ƙarfe 10 na dare a wuce tsakar dare ba tare da an kunna fitila ba, saboda hasken rana bai gushe ba. Al'adar ta faro tun 1906.

Abu biyu da suka shafe mu kai tsaye, kuma babba da ƙarami duk ɗaya ne a kansu. Abincin fili yawanci naman da aka niƙa ne a cikin burodi, sau da yawa da alade a ciki, don haka ka tambaya, ko ka ci a waje ka shigo ka tsaya ga gyaɗa da gugguru. Wasan dare kuma yakan fara wajen ƙarfe 7, magariba za ta same ka a ciki. A ƙaramin fili motarka tana kusa, sai dai ka tambayi masu tsaron ƙofa tun da wuri ko za su bar ka ka fita ka dawo, domin ba kowane fili ke yarda ba.