Na'urar gano ƙarfe da na saya, da maɓallan da ta tono mini

Bayan an gama kaka na sayi na'urar gano ƙarfe ta hannu a kasuwar Sabon Gari, na kai ta gonar kawuna kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Sai da na je na gaida mai unguwa tukuna, don tuni yara suka fara yaɗa cewa zinare nake nema.

Na'urar tana aiki, amma akwai ta da surutu. Murfin lemo, ƙusa, guntun garma, duk kuka ɗaya take yi musu, kuma idan ta hau ƙasa mai marmara sai ta rikice. A jigawa mai yashi ne take nuna kanta. Batir kuwa tana shan sa kamar ruwa.

Cikin mako uku na sami anini biyu masu huji da maɓallan tagulla biyar. Nan aikinta ya ƙare, sauran na ido ne. Maɓalli na farko na goge shi da toka da lemon tsami, yadda ake wa tasa, sai rubutun bayansa ya tafi. Haushi ya hana ni cin tuwo ranar. Sauran ruwa kawai na sa musu da tsohon buroshin haƙori.

Biyu suna ɗauke da tambarin Ingila, zaki da kambi. Kambin ne ke faɗin zamani: mai ƙusumbi a sama na sarakuna maza ne, daga 1902 zuwa 1952, wanda tsakiyarsa ta lotsa kuma na Sarauniya Elizabeth ne. Nawa duk masu ƙusumbi ne. A bayan ɗaya an buga Firmin, London, maƙeran da suka daɗe suna yi wa soja maɓalli.

Wanda ya fi burge ni mai bishiyar kwakwar manja ne da haruffan RWAFF, rundunar sojan Afirka ta Yamma. Harafin R ɗin sai a 1928 aka ƙara shi, don haka ba zai girmi wannan shekarar ba, balle a ce na yaƙin Haɗeja ne na 1906 kamar yadda na so.

Da na nuna wa Kawu, ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Kai yaro, wannan ai irin na rigar wani tsoho ne ɗan Boma da ke gadin tasha. Ko ana zafi ba ya cire ta."