Farar ƙasa ko siminti: gyaran tsohon gidan gonar inabi a Italiya

Gidaje irin Villa Barbaro na garin Maser a arewacin Italiya, da mai tsara gine-gine Andrea Palladio ya zana wajen 1560, da jan bulo aka gina su, aka shafe da farar ƙasa. Wajen gyara, siminti ya fi saurin kamawa, amma yana kulle danshi cikin bango. Gishiri ya taru a bayansa, hunturu ya daskarar da ruwan, sai shafen ya ɓantare har da fuskar bulo. Babbar ɓarna ce ga bango irin na Villa Barbaro, da ke ɗauke da zanen shahararren mai zanen hotuna Paolo Veronese.

Farar ƙasa kuwa tana barin danshi ya fita, shi ya sa ta fi dacewa. Awo 1 ake kwaɓawa da yashi awo 3, a shafa siriri hawa biyu ko uku, ana yayyafa ruwa kada ya tsage. Sai dai tana cin makonni kafin ta kama.